Yadda ake gano asalin tsohuwar taminal da aka sauya wa suna

Duk wanda ke zagaya wuraren 'yan kwandam a Accra, ko yake leƙa shagunan masu gyaran talabijin a Nima da Mamobi da Sabon Zango, wata rana zai ci karo da wata na'ura mai kama da ƙaramar talabijin ta da, mai doguwar ƙeya, robarta ta rine ta koma ruwan ɗorawa saboda tsufa. Ba ta da wurin eriya, ba ta da bakin saka faifai, kuma kibod ɗinta a jikinta ake soka shi. Tun da aka rushe filin 'yan kwandam na Agbogbloshie a watan Yulin 2021, irin waɗannan kaya suka bazu a ƙananan yadi cikin unguwanni, har sukan iso ƙofar shagonmu a kan kura. Yawancin masu tsintar ta guduma suke sa mata, su zare tagullar da ke wuyan kwalbar, su watsar da sauran. Abin yana yi mini ciwo, domin da yawa daga cikinsu lafiyarsu ƙalau, rashin sanin ko mece ce ya jawo musu guduma.

Sunanta taminal. Ba kwamfuta ba ce mai cin gashin kanta. Allo ne da kibod da ake jonawa da wata babbar kwamfuta a wani ɗaki: abin da ka buga ta aika, abin da aka mayar ta nuna. Daga shekarun 1970 zuwa tsakiyar 1990 ita ce ke kan teburin ma'aikacin banki, da na inshora, da mai yankan tikitin jirgi, da ɗalibin jami'a.

Wahalar ita ce sunan da ke goshinta sau da yawa ba na wanda ya ƙera ta ba ne. Kamfanonin da ke sayar da manyan kwamfutoci ba duka ke son kafa masana'antar allo ba. Sai su je wurin masu ƙerawa, irin su Wyse da TeleVideo da ADDS, su yi odar dubbai, a manna musu sunansu. Kamar dai yadda ake juye shinkafa daga buhunta na asali zuwa buhun ɗan kasuwa: buhu ya sauya, ƙwaya tana nan. Wani lokaci ma kamfanin ne ke sauya hannu. Heathkit H19 da Zenith Z-19 na'ura ɗaya ce mai suna biyu. NCR ya sayi ADDS a 1980, don haka sunan NCR a gaba ba ya hana ka tarar da aikin ADDS a ciki. Digital, wato DEC, ya sayar da sashen taminal ɗinsa a 1995 ga kamfanin da daga baya ya zama Boundless, shi ya sa za ka ga VT520 da wannan suna ko wancan. Idan ka nemi littafin gyara da sunan goshi, sau da yawa ba za ka samu komai ba. Da sunan maƙeri kuwa, za ka iya samun littafi, da zanen da'ira, da irin kibod ɗin da ya dace, da saitin da kwamfutar zamani ke buƙata don ta yi magana da ita. Mai sauya suna yana gyara abin da mai saye zai gani ne kawai. Wuraren da ido ba ya kaiwa yakan bar su yadda suke, kuma can za mu bi, daga waje zuwa ciki.

Mataki na farko: tun kana wurin ciniki

Kada ka bari a jona ta da wuta don a nuna maka tana aiki. Mai kaya zai ce, "Masta, bari in sa maka ka gani." Ka ce masa, "A'a ɗan'uwa, bar ta haka, a yadda take zan saya." Dalilin zai zo a gaba.

Abin da za ka nace a kai shi ne kibod. Ka tambaya ko ya zo tare da ita, in an ware shi cikin wani buhu a tono shi, ko da za ka ƙara 'yan sidi. Yawancin taminal ba sa karɓar kibod ɗin kwamfuta na yau da kullum, kuma ba tare da nata ba ko shafin saiti ba za ka iya buɗewa ba. Ka kuma tambaya daga ina aka kwaso ta: sito na wani ofis a nan gida, ko kwantenar hom-yus daga Tema? Amsar tana rage maka rabin lalube. Sannan ka ɗauki hoton kowane gefe, har da ƙasa, kafin ka goge ko da ƙura. Tsohuwar sitika takan bi tsumma ta tafi.

Ka haska fitilar waya a kan gilashin daga gefe. Taminal da ta shekara goma tana nuna shafi ɗaya, rubutun yakan ƙone ya zauna a allon. Za ka iya karanta sunan ofishin da ta yi wa aiki, ko sunan tsarin da aka jona ta da shi, tana kashe.

Mataki na biyu: ramukan baya

Juya ta. Ramukan da ke baya su ne ke gaya maka danginta tun kafin sunanta.

Idan ka ga rami mai fil 25 a layi biyu, an rubuta MODEM ko HOST ko COMM ko EIA a kansa, da wani kusa da shi mai AUX ko PRINTER, to ta dangin RS-232 ce, wato tsarin aika bayanai ta waya da ake kira siriyal. Waɗannan su ne mafi yawa, su ne kuma mafi sauƙin tayarwa. Idan ramin ya yi kama da na wayar tarho mai fil shida amma maƙallinsa ya karkace gefe guda, wannan MMJ ne, ƙirƙirar DEC, ana samun sa a VT320 da VT420 da masu kwaikwayonsu.

Idan rami ɗaya ne zagayayye na ƙarfe da ake murɗawa, irin BNC, akwai yiwuwar ta dangin IBM 3270 ce, wadda aka fara a 1971. Idan zagayayyen ya fi girma kuma fil biyu ne a ciki, twinax ke nan, dangin IBM 5250, masu aiki da System/34 da System/36 da AS/400. Kamfanoni kamar Memorex Telex da Decision Data sun yi irinsu da yawa. Ka san cewa waɗannan dangi biyu ba sa jin yaren RS-232. Ba za ka jona su da laftof kai tsaye ba sai da na'urar tsakani ta musamman, don haka gwajin da zan kawo a mataki na bakwai bai shafe su ba.

BNC yana ruɗarwa a wuri guda. In ka gan shi tare da rami mai fil 15 mai sakata, ko ramin kebul ɗin netwok na zamani, to Ethernet ne, na'urar kuma ta baya-bayan nan ce. A nan aiki ya yi sauƙi: nemi lambar MAC a sitika, rukuni uku na farko na lambar rajistar kamfanin da ya yi ta ne, ana duba su a intanet kyauta.

Mataki na uku: takardun da ke manne

Nan ne ya kamata ka zauna da fensir da takarda, domin nan ne aka fi samun amsa ba tare da an kwance ko kusa ɗaya ba. Kwafe komai, harafi da harafi, har da abin da ka ga kamar ba shi da amfani.

Fara da kallon ita kanta sitikar. Shin akwai wata a ƙarƙashinta? Shafa da yatsa, ka haska daga gefe. Masu sauya suna da yawa sabuwa kawai suke ɗorawa a kan tsohuwa. In za ka ɗaga ta, ka ɗan ɗumama da na'urar busar da gashi, ka ja a hankali daga kusurwa, kada ka kankare da reza. Haka tambarin goshi: in yana zaune a wani rami da bai yi daidai da girmansa ba, ramin an yi shi ne don wani suna.

Sai lambar FCC ID. FCC hukumar sadarwa ce ta Amurka, kuma a tsofaffin kaya haruffa uku na farkon lambar na kamfanin da ya nemi izini ne, sauran kuma na samfurin. Sau da yawa maƙerin ne ya nemi izinin, mai manna suna bai sake wahalar neman nasa ba. Sa haruffa ukun nan a shafin binciken hukumar, sunan kamfani zai fito. Amma kada ka yi mamaki in ba ka ga lambar ba. Kayan da aka yi don ofis da masana'anta, waɗanda aka rubuta Class A a jikinsu, ba a tilasta musu ɗaukar ta ba, kuma taminal da yawa a wannan aji suke. Duba ƙasan kibod, wani lokaci shi yana da tasa.

Bayanta akwai lambar UL, kamfanin Amurka mai gwajin lafiyar kayan wuta, wadda ke farawa da harafin E sai lambobi, kusa da tambarin UL. Ta CSA ta Kanada takan fara da LR. Su ma suna nuna kamfanin da ya kai kayan gwajin lafiyar wuta. Na fi yarda da su idan sunan da suka bayar ya bambanta da na goshi. In ya zo ɗaya, ba a gama magana ba, domin babban kamfani yana iya yin rajistar kayan wani da sunansa.

Ranar ƙira ma tana nan. Dokar Amurka kan kayan da ke da kwalbar allo ta sa a rubuta wata da shekarar da aka yi su, shi ya sa za ka ga layin da ya ambaci 21 CFR, kusa da shi kuma wata da shekara a rubuce. Ƙasar ƙira ita ma shaida ce. Kamfanin Turai da kayansa ya ce an yi shi a Taiwan ko Koriya ko Japan, akwai alamar aikin wani ne. Wyse, alal misali, kamfanin San Jose ne a Kalifoniya, amma a Taiwan yake ƙera kayansa. Rubutun W. Germany yana nuna kafin haɗewar Jamus a 1990. Alamar CE kuma ta tsakiyar shekarun 1990 ce zuwa sama, don a farkon 1996 ta zama dole ga irin waɗannan kaya a Turai.

Kada ka tashi daga nan sai ka karanta layin wuta. In an rubuta 115V ko 120V kaɗai, kayan Amurka ne, wutarmu ta Ghana kuma 230 ce, za ta kashe ta nan take. Shi ne dalilin da na ce kada a gwada maka a wurin ciniki.

Mataki na huɗu: sura da kibod

Mai manna suna yakan sauya launi, amma da wuya ya sauya mazubin roba, don yana da tsada. Siffar ƙafa, da inda makunni yake, da tsarin ramukan shan iska, duk na maƙeri ne. Ka riƙe hotunanka ka gwada su da na shafin Terminals Wiki, wanda ya tara hotuna da bayanan ɗaruruwan samfura.

Kibod ya fi jiki magana. Maɓallan aiki 20 a sama, da Help da Do a cikinsu, da PF1 zuwa PF4 a kan lambobi, tsarin LK201 ne na DEC da ya zo da VT220 a 1983. Maɓallan aiki 16 da wani mai suna Funct, ka fara tunanin Wyse, irin WY-50 na 1983 ko WY-60 na 1986. Kibiyoyi a kan H da J da K da L, kibod a haɗe da jiki mai zagaye, Lear Siegler ADM-3A ce ta 1976. Maɓallai 122 da layi biyu na maɓallan aiki 24, gidan IBM ne: in akwai Field Exit ɓangaren 5250 ne, in PA1 da PA2 ne ɓangaren 3270. Tsarin haruffa kuma yana nuna inda ta yi aiki. Alamar fam ta Ingila ce, AZERTY na ƙasashen Faransanci ne, yana iya zama daga Faransa ko ma daga maƙwabtanmu Togo da Kodebuwa.

Tsarin kibod yana nuna dangi ne kawai, ba ya tabbatar da maƙeri. C. Itoh ya yi CIT-101 don ta yi aikin VT100, Wyse ya yi WY-85 don ta yi aikin VT220, kuma ba ɗayansu da DEC ya ƙera. Haka kuma in ka buɗe kibod ka ga Key Tronic ko Cherry ko Alps, waɗannan masu yin kibod ne da ke sayar wa kowa.

In an ba ka kibod da ba ka da tabbacin nata ne, kada ka soka shi don kawai bakin ya shiga. Kamfanoni da dama sun yi amfani da fulogi irin na tarho, amma kowa da wayar da ya ɗora wa wuta. Kuskure a nan yana ƙona kibod ko IC ɗin da ke karɓar sa, wato ɗan baƙin gutsure mai ƙafafu da yawa da ke kan bod.

Mataki na biyar: buɗe ta

In ba ka taɓa aiki a cikin talabijin mai kwalba ba, kai ta wurin wanda ya saba. Tsofaffin masu gyaran talabijin suna nan a kowace unguwa, kuma wannan aikinsu ne na shekaru. Ka zauna kusa da shi, shi ya buɗe, kai ka yi hoto. Jar waya mai kauri da ke shiga gefen kwalba da hular roba tana ɗaukar sama da bolt dubu goma, kuma kwalbar takan riƙe caji bayan an kashe. Babbar kafasitar wuta ma takan riƙe kusan bolt 300. Wuyan kwalba siriri ne, in ya fashe gilashi na tashi, gilashin kuma akwai dalma a cikinsa. Don gano suna ba ka buƙatar taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ido da fitila sun isa.

A ciki za ka ga kashi uku: ɓangaren wuta, ɓangaren kwalba, da babban bod mai IC da yawa. Na ukun shi ne naka. Sunan da ke kan kwalba, ko Philips ne ko Toshiba ko Hitachi ko Samsung, na mai yin kwalba ne. Astec a ɓangaren wuta na mai yin wuta ne. Mutane da yawa a nan suke tsayawa su ce sun gano, alhali ba su kai ba.

A babban bod, duba gefuna da kusurwoyi, gaba da baya. Nemi rubutun da aka yi da tagullar bod ɗin kanta ko da farin fenti: alamar haƙƙin mallaka, shekara, suna, lambar kaya. Sauya wannan yana nufin sake buga bod, shi ya sa aka fi barin sa. Ko babu suna, tsarin lambar yana magana. DEC yakan fara lambar bod da 54, ta ROM kuma, wato IC ɗin da ke ɗauke da manhajar na'urar, da 23. HP yakan sa lambobi irin 1820 da ɗan gajeren layi (-) a bayansu a kan IC ɗinsa. Rubutun 94V-0 da ƙaramin tambarin da ke kusa da shi ka bar su, na masana'antar da ta buga bod ne da matakin jure wuta.

Sai manyan IC. Rubuta lambar kowace mai ƙafa 24 zuwa sama. Haɗin ƙwaƙwalwa da mai sarrafa allo yana rage zato sosai: VT100 ta 1978 da Intel 8080 take aiki, H19 da Z80 da 6845, TeleVideo 950 da 6502, WY-50 kuma da 8031 da SCN2672. In ka ga wata babbar IC da aka buga sunan kamfanin taminal a bayanta, ka kusa gamawa, don irin wannan ana yin ta ne musamman don maƙeri, ba a kasuwa ake sayen ta ba.

Kowace IC tana da ranar haihuwa, lamba huɗu, biyu shekara biyu mako. 8637 na nufin mako na 37 a 1986. Ka tattara ranakun IC goma ko fiye, wadda ta fi kusa ita ce ke nuna cewa ba a haɗa bod ɗin kafin lokacin ba. Kada ka ɗauki 7400 ko 7474 a matsayin shekara, waɗannan sunayen IC ne. Duba kuma cikin murfin roba, akan sami wani zagaye kamar agogo mai nuna wata da shekarar da aka zuba shi, wani lokaci da lambar kaya ta maƙeri a gefensa.

IC masu taga da aka rufe da sitika su ne EPROM, wato ROM da ake iya gogewa da haske, irin 2732 da 2764 da 27128 da 27256. Kwafe abin da ke kan sitikar, kada ka ɓare ta. Hasken rana yana goge abin da ke ciki a hankali. In ta riga ta faɗi, rufe tagar da baƙin tef.

Mataki na shida: ba ta wuta

Iskar teku da damina suna cika waɗannan kaya da danshi da tsatsa, hunturu kuma ya ɗora ƙura. Kaɗe ta da burushi mai laushi, ka bar ta a busasshen wuri ta kwana biyu. Duba kusa da inda wuta ke shiga: in akwai ƙananan kafasita masu jiki kamar gilashi ruwan zuma, an rubuta RIFA, kuma sun tsattsage, a sauya su tukuna, don su ne ke fashewa da hayaƙi. Ana samun madadinsu masu alamar X2 a Zongo Lane. Duba batirin da ke kan bod ko ya zubo. Duba fiyus. In akwai makunnin zaɓi tsakanin 115 da 230, tabbatar da idonka inda yake. In 115 ce kaɗai, sai da taransifoma mai rage wuta.

Kunnawar farko a yi ta ta cikin ƙwan fitila mai zare, na wat 60 ko 100, a jere da layin wuta. In ya yi haske ya dushe, alama ce mai kyau. In ya tsaya da haske sosai, kashe, akwai inda ya haɗe. Ka saurara: ƙara ɗaya sannan ɗigon rubutu yana ƙyaftawa a kusurwa, lafiya ke nan. In harafi ɗaya ko lamba ta fito ta tsaya, rubuta ta, saƙon gwajin kai ne, kuma kowane maƙeri da irin nasa. Sau da yawa mataccen batiri ne kawai ya sa ta manta saitinta.

Yanzu buɗe shafin saiti. A VT100 akwai maɓallin SET-UP, a VT220 da ƙannenta F3 ne, a Wyse kuma Shift tare da Setup. Yi hoton kowane shafi. Tsarin shafukan da kalmomin da aka zaɓa kusan ba a taɓa sauya su, ko da an sauya sunan da ke sama. Nemi wurin da aka jera taminal ɗin da take iya kwaikwaya. WY-60 tana iya zama TeleVideo 925 ko ADDS Viewpoint ko VT100 da wasu. A irin wannan jeri, wanda aka kira Native, ko baƙon sunan da ya zo farko, shi ne yarenta na gida. In hoton yana rawa, duba ko akwai zaɓin 50 da 60, ka mayar da shi 50 irin wutarmu.

Mataki na bakwai: tambaye ta da bakinta

Ga dangin RS-232, fara da gwaji mai sauƙi. A ramin MODEM mai fil 25, haɗa fil na 2 da na 3 da guntuwar waya. In abin da ka buga ya fito a allo, kuma ya daina fitowa da ka cire wayar, hanyar aikawa da karɓa tana aiki. Ka tabbata dai ramin ba wanda aka rubuta 20mA a kansa ba ne, wasu tsofaffi suna da shi, kuma ba a jona shi da laftof.

Sannan ka nemi adaftar USB zuwa siriyal, ana samu a Tiptoe Lane a Circle, da kebul mai giciye da ake kira null modem. Daidaita ɓangarorin biyu a kan 9600, bit 8, babu parity, stop 1. A Windows, PuTTY ya isa. A Linux na fi son in buɗe taga biyu: a ɗaya in sa stty -F /dev/ttyUSB0 9600 raw -echo sannan cat -v /dev/ttyUSB0 don in ga duk abin da ta aiko, a ɗayar in riƙa aika tambaya da printf.

Danna maɓallan aiki ka ga abin da ke fitowa. In F1 ya ba da ^A@ da komawa layi, gidan TeleVideo da Wyse ne. In PF1 ya ba da ESC O P, wato alamar Escape sai O da P, gidan DEC ne. Sai ka aika ESC [ c. Dangin DEC za su amsa: ?1;2c ita ce VT100 mai ƙarin bod ɗin allo, 62 a farko matakin VT220 ne, 63 na VT320, 64 na VT420. Aika ESC da tazara ɗaya, Wyse takan amsa da lambarta, 50 ko 60. Aika Ctrl da E, wasu za su mayar da saƙon da tsohon mai ita ya ajiye, wani lokaci sunan reshe ko lambar tebur. In ta yi shiru, gwada yadda take kai alamar rubutu wuri: ESC = na ADM-3A da TeleVideo da Wyse ne, ESC Y na VT52 da H19 da ADDS Viewpoint.

Amsar da ta bayar ta yaren da aka saita ta a kai ce a wannan lokaci. Wyse da aka bari a yanayin VT100 za ta ce maka ita VT100 ce. Don haka ka mayar da ita yarenta na gida a saiti kafin ka tambaya, ka kuma sake tambaya a kowane yanayi ka rubuta.

Mataki na takwas: karanta ROM

In har yanzu da shakka, ko na'urar ta ƙi tashi sam, wannan ne ya rage. Masu gyaran laftof da dikoda da yawa suna da na'urar karanta IC irin TL866. Yi alama a kan yadda EPROM take zaune, ɗaga ta a hankali daga gefe biyu, a karanta sau biyu a tabbatar sakamakon ya zo ɗaya, a mayar da ita yadda take. In aka juya ta aka ba da wuta, ta mutu. Bi fayil ɗin da umarnin strings. Sau da yawa sunan kamfani da shekara da lambar sigar suna nan a fili, ko da allon bai taɓa nuna su ba. Masu manhajar MAME, wadda ke kwaikwayon tsofaffin na'urori a kwamfuta, sun tara ROM na taminal da yawa da lambobin tantance su, kana iya gwada naka da nasu. Ka ajiye kwafi ko da ka riga ka gano sunan, domin EPROM mai shekara arba'in tana iya mantuwa kowane lokaci, kuma wataƙila taka ce kaɗai ta rage da wannan siga.

Haɗa shaidu

Ni ba na yanke hukunci da shaida ɗaya. Ina neman uku da ba su dogara da juna ba: ɗaya daga takarda, ɗaya daga bod, ɗaya daga halinta in ta tashi. A ce goshi ya nuna sunan wani kamfanin Turai, lambar UL ta kai ka Wyse, bod yana da 8031 da SCN2672, ESC da tazara kuma ya dawo da 50. Wannan WY-50 ce da aka sauya wa suna, sai ka sauke littafinta daga shafin Bitsavers, ma'ajiyar littattafan tsofaffin kwamfutoci, ka gwada zanen bod da abin da ke gabanka. In hali ya yi daidai amma bod ya bambanta, kwaikwayo ce, littafin mai amfani zai taimake ka amma zanen gyara ba zai yi ba. Akwai kuma ta tsakiya: jiki da bod na maƙeri, amma ROM an rubuta shi musamman don mai oda, har ta ƙi jin wasu umarnin 'yar'uwarta. Wannan ta fi cin lokaci, kuma a nan ne kwafin ROM ke da amfani.

Fayil ɗin terminfo da ke cikin Linux, wanda ke ɗauke da umarnin kowace irin taminal, ma yana taimakawa, don masu rubuta shi sun bar bayanai kan wace ce ta gaji wace. Umarnin toe -a zai jera sunayen da ke akwai, infocmp wy50 kuma zai nuna umarnin wannan samfuri. Sa TERM, wato saitin da ke gaya wa Linux irin taminal ɗin da ke jone, ya zama sunan da kake zato, ka buɗe vi ko top. In allon ya zauna daidai, kibiyoyi suka bi, layuka ba su hau juna ba, zatonka ya samu ƙarin ƙarfi.

In ka kai nan ba ka samu suna ba, kai maganar zauren Vintage Computer Federation, inda akwai mutanen da suka yi aiki da waɗannan na'urori tun suna sababbi. Sa hoton gaba, da baya, da kowace sitika a kusa yadda za a iya karantawa, da kibod sama da ƙasa, da bod gaba ɗaya, da jerin lambobin IC, da amsoshin da ta ba ka, ka kuma faɗi cewa a Accra aka same ta da inda mai kaya ya ce ta fito. Abin da ka tabbatar ka rubuta shi a takarda, da ranar da ka duba da irin wutar da take ci, ka manna a cikin murfi nesa da kwalba kafin ka ɗaure kusoshi.